Tabkin da ba shi da mafita: fashin baƙi kan ruwan Babaye da ire-irensa

Ƙorafi biyu ake yi a kan tabki a garin Tawa, kuma ba sa zuwa lokaci ɗaya. A watan Agusta, kukan masu gidajen da ke kusa da tabkin Babaye shi ne ruwa ya yi yawa, sauro ya hana barci. Zuwa Afrilu sai magana ta juya: ruwan ya yi kore, ya yi wari, dabba ma sai ƙishirwa ta ci ƙarfinta take sa baki. Da yawa suna ɗauka matsaloli biyu ne daban. A ganina ɗaya ce, kuma tushenta yana cikin yadda wurin yake tun asali. Tabkin cikin gari kwari ne da ruwa ke shigowa ta kowace kusurwa, amma babu ƙofar da zai bi ya fita.

A Yamai, ruwan da ya wanke unguwanni yakan bi kwarin Gunti Yena ya faɗa kogin Isa, kogin ya tafi da shi. Wannan ba alheri ba ne ga na ƙasa da su, amma dai dattin yana tafiya. Adar, yankin da Tawa take, ba ta da kogin da ke gudu shekara a cike. Ƙoramunmu, daga Tadis zuwa Kaita da Badagishiri da Maggiya, sai an yi ruwa suke tashi, su yi gudu na 'yan awowi ko 'yan kwanaki, su tsaya. Abin da suka kwaso a cikin kwari yake yada zango. Daga nan hanya uku kaɗai ta rage wa ruwa: rana da iska su sha, ƙasa ta tsotse, ko mutane da dabbobi su ɗiba. Rana kuwa ruwa zalla take ɗauka. Ba ta ɗaukar gishiri, ba ta ɗaukar laka, ba ta ɗaukar baƙin mai ko leda.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan saman da Tawa ke samu a shekara bai cika wuce milimita 350 zuwa 400 ba, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba. Abin da rana da iska ke iya ƙafewa daga buɗaɗɗen ruwa a irin wannan yanki ya haura mita 2 a shekara. Milimita 1 a kan hekta 1 daidai yake da lita 10,000. Ke nan a ranar bazara da zafi ya haura digiri 40, in ruwa ya sauka da milimita 8, kowace hekta ta tabki ta yi asarar lita 80,000 ba tare da kowa ya zura guga ba. Mu ɗauki misalin tabkin da ya tashi daga damina da zurfin mita 2. In yana sauka da milimita 7 a rana tsawon kwana 240, daga Oktoba zuwa ƙarshen Mayu, kusan mita 1.7 ta tafi. Abin da ya rage bai kai gwiwa ba, amma duk abin da ke narke a cikin mita 2 ɗin nan yana nan a cikinsa. Kamar tukunyar miya ce da aka bari a kan wuta: ba wanda ya ƙara gishiri, amma da ta ƙone zuwa kwata, gishirin ya ninka huɗu a baki.

Wannan ne ya sa zurfi ya fi faɗi muhimmanci, ko da yake faɗin ne ke cika ido. Tabkunanmu shimfiɗaɗɗu ne, gaɓarsu a kwance take. Ruwa ya sauka da taƙi ɗaya, sai ka ga taɓo ya bayyana mai nisan taku da yawa. Zafin rana yana ratsa irin wannan ruwa har ƙasa, iskar hunturu kuma tana motsa shi har ta tayar da lakar da ta kwanta. Tabki biyu masu ruwa daidai wa daida, ɗaya mai zurfi da ƙaramin baki, ɗaya mai faɗi marar zurfi, na biyun zai riga ƙafewa kuma zai riga lalacewa. Abin damuwar shi ne kowace damina tana mayar da na farko ya koma na biyu, domin kowace ƙorama da yashi da laka take isowa. Gindin tabki yana tasowa a hankali. Ruwan da a da yake zama a tsakiya sai ya rasa wuri, ya bazu gefe. Shi ya sa tabki ɗaya zai iya ƙara ambaliya a Agusta kuma ya ƙara saurin ƙafewa a Maris. Dattawan da ke cewa a da ana yin nutso a wurin da yanzu yaro ke tsallakewa da ƙafa, ba ƙari suke yi ba.

Ina lakar take fitowa? Kashi na farko daga tudu. Farin shekarun 1970 da na 1984, da saran itace da faɗaɗa gonaki, sun bar duwatsun Adar a tuɓe. Ƙasar da ba ta da ciyawa, ɗigon ruwa yana dukanta har samanta ya yi ɓawo, ta zama faƙo. Ruwa ba ya shiga faƙo, gudu yake yi a kansa yana kankarar abin da ya samu. Masana sun daɗe da lura da wani abin mamaki a gabashin Yamai: duk da ruwan sama ya ragu a shekarun fari, tabkuna sun ƙaru, har ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, saboda ruwan da a da itatuwa da ciyawa ke riƙewa ya koma gangarawa kwari. Kashi na biyu daga cikin garin kansa ne. Ƙidayar 2012 ta samu kusan mutum 150,000 a Tawa, kuma garin bai daina faɗaɗa ba. Kowane rufin kwano, kowane tsakar gida da aka dama wa siminti, kowace sabuwar kwalta, faƙo ne na hannun mutum. In an yi ruwa milimita 30 a kan unguwa mai hekta 100, rabinsa kawai ya gangara, lita miliyan 15 ke nan ta nufi kwari cikin awa ɗaya ko biyu.

To, shi ruwan kansa fa, me ke cikinsa?

Akwai gwajin da kowa zai iya yi. Ɗebi ruwan tabki a farar kwalba washegarin ruwan sama, ka ajiye a inuwa. Kafin ka juya baya yashi ya kwanta a ƙasa. Bayan 'yan awowi za ka ga wani layi mai laushi ya hau kansa. Amma ruwan da ke sama zai ci gaba da zama ja-ja ko ruwan ƙasa, kwana da kwanaki, wani lokaci har mako. Wannan yumɓu ne da ƙwayoyinsa suka yi ƙanƙanta har nauyinsu bai isa ya saukar da su ba. Shi ne iyayenmu mata ke jefa wa alif ko dakakken irin zogale, ya dunƙule ya kwanta. Masu awo suna kiran wannan gurɓacewar ido, suna auna ta da ma'aunin NTU. Ruwan sha ana son ya kasance ƙasa da 5, ruwan tabki na damina kuwa yakan kai ɗaruruwa. Akwai kuma tsohuwar dabara, tun ta 1865, ta wani masani ɗan Italiya mai suna Secchi: farin faifai a ɗaure da igiya, a zura shi cikin ruwa har ya ɓace wa ido, a auna tsawon igiyar. Murfin bokiti da dutse sun isa a yi shi.

Jar laka ita kanta ba guba ba ce. Illarta ita ce ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a jikinta, kuma tana cinye ƙarfin ruwan jabel ko ƙwayar Aquatabs kafin su kai ga abin da aka sa su kashewa. Don haka ake tace ruwa tukuna sannan a sa magani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne na ɗaya ɓangaren: a ga ruwa ya kwanta ya yi garau a watan Nuwamba, a ce ya yi kyau. Ido ba ya ganin abin da ke kwantar da yaro.

Ruwan farko na damina shi ne mafi muni a shekara, kuma wannan ya kamata kowane gida ya sani. Wata takwas ko tara gari yana tara abin da ya tara: kashin dabbobi, bayan gidan da aka yi a fili, abin da masai ya tumbatsa, jini da tumbin yanka, ruwan wanke-wanken da ya daskare a kanibo (magudanar ruwa), juji da aka zuba a bakin ƙorama da niyyar ruwa ya tafi da shi. Ruwan sama na farko mai ƙarfi yana kwashe wannan duka a dare ɗaya ya juye shi cikin ɗan ruwan da ya rage. Ma'aunin da ake dubawa a nan shi ne ƙwayar cutar E. coli, wadda a hanjin mutum da dabba take rayuwa. Ganinta a ruwa shaida ce cewa kashi ya shiga. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga ruwan sha ita ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100. Babu buɗaɗɗen tabkin da dabbobi ke shiga da zai cika wannan sharaɗi. Hanyar da E. coli ta bi, ita kwalara da taifot da atuni ke bi. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, jihar Tawa kuma tana cikin waɗanda abin ya shafa.

Bayan damina, labari yakan sauya launi. Laka ta kwanta, hasken rana ya samu shiga, ga kuma taki a narke, domin fitsari da kashi da sabulu abinci ne ga tsiro, ko a gona ko a ruwa. Sai gansakuka ta tashi, ruwan ya yi kore. Hausawa suka ce ruwa ba ya tsami banza. A nan ne abin da ya fi wuyar ganewa yake, don haka bari in tsaya a kansa.

Kifi da iskar da ke narke a ruwa yake numfashi, kuma ba ta da yawa. Ruwa mai sanyin digiri 20 bai riƙe fiye da miligiram 9 a lita, in ya kai digiri 30 ya koma kusan 7.5. Da rana gansakuka tana zuba wannan iska a ruwa, har ta yi yawa. Da dare kuwa ta daina bayarwa, ta koma sha, tare da kifi da ƙwayoyin da ke ruɓar da matattun ganye a gindin tabki. Zuwa asuba iskar ta kusa ƙarewa. Je bakin tabki mai kore bayan sallar asuba a watan Afrilu, ka tsaya shiru. Za ka ga ƙananan karfasa sun taso sama, baki a buɗe, suna lasar fatar ruwa. Rana ta ɗaga, su nutse, wanda ya zo da hantsi ya rantse lafiya lau. In aka yi kwana biyu ana hazo ko hadari, ko iska ta tayar da baƙar lakar ƙasa, sai a wayi gari kifi ya mutu birjik, a fara zargin wani ya zuba guba. Sau da yawa ba wanda ya zuba kome. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tasowa daga baƙar laka ma daga nan yake: alama ce ta gindin da iska ta ƙare masa.

Mutum zai ce, ai ana kama tarwaɗa, da ruwan ya lalace da ba ta rayu ba. Tarwaɗa ba sheda ba ce. Tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sarari, gaiwa kuwa huhu gare ta, har takan binne kanta cikin busasshiyar laka ta jira damina. Tabkin da karfasa ta ɓace tarwaɗa kaɗai ta rage, ba lafiya yake nunawa ba. Haka kuma akwai wani nau'in kore da ke taruwa a gefen da iska ke kaɗawa, ya yi kauri kamar an zuba fenti. Wasu daga cikin irinsa suna fitar da dafin da ke taɓa hanta, yana kashe dabba, kuma tafasa ruwan ba ta kawar da shi. Makiyayin da ya ga haka ya kora garkensa zuwa wani gefe, ya yi daidai.

Gishiri kuwa masu garka suka fi kowa saninsa. Da rani ya yi nisa ruwan yakan yi zartsi, ka ga farin ɓawo a bakin kwamin albasa da salati, ganye ya ƙone a baki. Akwai ƙaramar na'ura da ake tsomawa ta nuna yawan gishirin nan take, ba ta fi biro girma sosai ba.

Sai abin da ba ya wari, ba ya launi. Tsohon batir da aka fasa yana sakin dalma. Baƙin mai daga wurin gyaran mota da babur, ragowar maganin ƙwari da aka wanke gorarsa a bakin ruwa, sinadarin rini da na jima, duk kanibo ɗaya suke bi. Ƙa'idar dalma a ruwan sha ita ce miligiram 0.01 a lita, wato kusan babu, saboda illarta ga ƙwaƙwalwar yaro. Irin waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Suna manne wa yumɓu su kwanta a gindi, shekara bisa shekara. Awon ruwa kaɗai zai iya cewa lafiya, alhali lakar ce ke riƙe da su. Saboda haka duk ranar da za a yashe tabkin cikin gari, a auna lakar kafin a ce wa manoma ga taki kyauta. Leda kuwa ba ta buƙatar awo. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana shigo da ita da sayar da ita, amma har yau ita ke toshe kanibo, ita mahauta ke cirowa a tumbin akuya.

Ba sai an sha ba ruwa ke cutarwa. Tsargiya ta fata take shiga. Mai ɗauke da ita ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga wata ƙaramar katantanwa da ke maƙale a ciyawar gefe, bayan 'yan makonni tsutsar ta fito ta huda fatar mai wanka ko mai wanki. Har yanzu akwai gidajen da ake ganin fitsarin jini a wurin yaro namiji kamar alamar girma. Cuta ce, tana lalata mafitsara, kuma maganinta, praziquantel, ana raba shi a makarantu. Amma yaron da ya sha magani yau ya koma iyo gobe, zai sake ɗauka.

Maganar sauro tana buƙatar adalci, domin da ita ake kafa hujjar a cike tabki a huta. Sauron zazzaɓin cizon sauro ba tsakiyar ruwa yake so ba, inda iska ke kaɗawa kifi ke cin 'ya'yansa. Ɗan ruwa marar zurfi da rana ke duka yake nema: sawun kofato a taɓo, ramin masu tubali, kwatamin da ya yanke daga uwar ruwa. Cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ƙwai ya zama sauro. Ruwan kanibo mai wari kuwa wani sauron ne ke haihuwa a ciki, mai kuka da cizo. Ke nan gaɓar da ta lalace ita ce matsalar. Tabki mai zurfi da gyararren baki ya fi wanda aka cike rabi da shara ƙarancin sauro nesa ba kusa ba.

Ina adawa da cike tabki, kuma dalilina ba na son kallo ba ne. Lita miliyan 15 ɗin nan da muka lissafa dole ta sauka wani wuri. In an gina gida a inda take sauka, cikin gidan za ta sauka. Daminar 2024 ta shafi fiye da mutum miliyan 1 a Nijar, ta kashe fiye da 300, har aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Garin da ya sayar da kwarinsa fuloti-fuloti ya sayar da wurin da zai ajiye irin wannan ruwa. Ban da haka, tabki yana ciyar da mutane: mai garka, mai buga tubali, mai shayar da dabba, magini da ke sayen ruwa a kura. Yana kuma ciyar da rijiyoyin da ke kewaye da shi, da mai kyau da marar kyau. Ruwan famfon Tawa daga rijiyoyin burtsatse masu zurfin ɗaruruwan mitoci yake fitowa, wannan daban. Amma gajeriyar rijiyar da ke tsakanin tabki da masai tana iya ɗaukar sinadarin nitrat, wanda ƙa'idarsa miligiram 50 ce a lita, kuma jarirai ya fi yi wa illa. Kilomita kusan 50 daga Tawa, a kan hanyar Agadas, tabkin Tabalak ya shiga jerin wuraren ruwa masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar a 2005, tare da na Ɗan Dutsi. Gari guda ne ke rayuwa a kan kifinsa da garakensa, kuma shi ma yashi na cinsa. Na cikin gari ba shi da wannan suna, amma aikin da yake yi wa masu gida a daren ruwa bai gaza ba.

Duk lokacin da maganar gyara ta taso, yasa ake fara ambata. Yasa tana da amfani, tana mayar da zurfi, amma in ƙorama ta ci gaba da kawo abin da take kawowa, 'yan damuna kaɗan za su mayar da aikin baya. Gyaran tabki daga sama yake farawa, kuma ba sai mun je wata ƙasa koyo ba. Aikin Kaita da ya fara a 1984 ya nuna yadda jeren dutse da ramukan dashe da ƙananan madatsai ke rage gudun ruwa a kan tudu. Manoman Ilela da Badagishiri sun farfaɗo da faƙo ta hanyar haƙa ramukan tare ruwa, wato tassa da rabin wata. Abin da ya riƙe ƙasa a gona, shi ne ya hana ta zuwa tabki. A cikin gari kuma, kowace babbar mashiga tana buƙatar ragar ƙarfe mai tare leda da ƙaramin rami da ruwa zai fara tsayawa ya zubar da yashinsa, wanda za a riƙa kwashewa kowace shekara kafin Yuni. Kwashe rami ɗaya ya fi yashe tabki duka sauƙi. A kafa alamar iyaka a inda ruwa ya taɓa kaiwa a damina mafi ƙarfi, ba inda yake tsayawa a Fabrairu ba, domin a Fabrairu ake sayen fili a yi nadama a Agusta.

Akwai kuma buƙatar a daina tambayar ko ruwan yana da kyau, a koma tambayar ya dace da wane aiki, a wane wata. Ruwan da ya isa buga tubali bai isa wanka ba. Wanda ya isa ban ruwan itace ko masara bai isa a yayyafa wa salatin da za a ci ɗanye ba, sai dai a zuba a gindi, a tsayar kwanaki kafin cira, a kuma wanke da ruwan famfo. Amsar tana sauyawa da lokaci, don haka awo ɗaya a shekara yaudara ne, haka ma awon tsakar rana kaɗai. Sanda mai lamba da aka kafa a cikin ruwa, wani ya riƙa rubuta tsayinsa kowace Juma'a, za ta nuna cikin shekara uku yawan abin da rana ke sha da yawan abin da yashi ya ci. Ɗaliban jami'ar Tawa za su iya ɗaukar samfur sau huɗu: bayan ruwan farko, a tsakiyar Agusta, a Disamba, da ƙarshen Afrilu, a mashiga da tsakiya da wurin da mata ke wanki, iskar ruwa kuma a auna ta da asuba. Sakamakon kada ya tsaya a takarda da Faransanci. A faɗe shi a gidajen rediyon gari da Hausa da Tamajak da Fulatanci, a makon da aka same shi, ta yadda mai garka da makiyayi da uwar yara za su ji tun ruwan da aka auna yana nan a wurin.